Ban Sa Masa Gam Ba

Ni ne Jabra ɗan Mitri, masassaƙi a Baitalami.
Shekara hamsin da uku ke nan
ina tono fuskoki daga cikin icen zaitun:
makiyaya, tumaki, jaki mai kunne a tsaye,
jariri a komin dabbobi.

Da, rana kan zauna a shagona har la'asar sakaliya.
Yanzu ƙarfe biyu take sallamata,
ta faɗa bayan kankare
mai tsawon ƙarti biyar in sun hau kafaɗar juna.
Na sayi kwan lantarki,
amma shi bai san jijiyar ice ba.

Zaitunina goma sha bakwai suna ƙetare.
Ina jiyo ƙamshinsu in an yi ruwan fari.
Na nemi takardar shiga girbi,
na bi layi tun asuba, kafaɗa na gugar ƙarfe.
Da takardar ta fito
sai ga ta da sunan Wadi'a,
matata, wadda ta shekara uku a maƙabartar coci.
Na ninke, na kai mata.
Na ce, tashi, an ba ki izini.

Akwai wata Malka a wancan gefen.
Ita ke sayen ɓauren gidanmu,
ta yi ta ciniki kamar za mu rabu baram-baram,
sannan ta cusa wa yarana alewa a aljihu.
Ɗanta ya hau motar safa wata safiya
bai sauka ba.
Na je mata ta'aziyya da ƙafata,
lokacin ƙafa tana da hanya.
Don haka ba zan ce tsoronta ƙarya ba ne.
Sai dai tsoro, in aka kwaɓa shi da siminti,
ba ya bambanta mai bam da mai kwandon ɓaure.
An ce zumunci a ƙafa yake.
To ina ƙafar za ta bi?
Ban san ko Malka tana raye ba.

Ran Juma'a da yamma sistoci kan fito da carbinsu,
mu bi gindin bangon a hankali, muna addu'a.
Can sama a hasumiya akwai yaro da bindiga,
ko gemu bai tsiro masa ba.
Ran nan yana ɓare lemo,
ɓawon ya faɗo gefenmu.
Fada ya ce mu sa shi a addu'a shi ma.
Na sa shi.
Ubangiji, ka ji yadda harshena ya yi nauyi,
kada ka rubuta mini ladan da ban yi ba.

Bencin cocinmu sai ƙara faɗi yake.
Gidan Salibi sun tafi Cile,
gidan Ɗanus sun kulle ƙofa, sun bar mini makulli da kyanwa.
Garin da aka haifi Almasihu
yana sallamar masu kiran sunansa ɗaya bayan ɗaya.

Jikana Bishara shekararsa bakwai.
Shi a wurinsa rana ƙarfe biyu take faɗuwa ko'ina a duniya.
Gab da Kirsimeti ya tsinci guntun katako a ƙasa,
ya kafa shi tsakanin jaririn da masanan nan uku na gabas.
Ya ce, Kaka, su suna da takarda?
Na ci gaba da fiƙe kurfina.

Tun ranar haka nake sassaƙawa,
komi a nan, raƙuma a can, bango a tsakiya.
Baƙi na saye, suna girgiza kai, suna ɗaukar hoto.
Wata ta dawo da nata, wai bangon yana motsi,
in manne mata shi.

Na ce, baiwar Allah, kome na manne,
har jelar jakin.
Wannan kaɗai na bari.
Ki kai gida haka,
ki ajiye inda hannun yaro zai kai.